Ƙarfe mai ƙyalli da na'urar da ba ta iya cewa "ban gani ba"

Ranar da aka fara miƙo mini wani guntun alminiyum da aka goge har mutum yana ganin fuskarsa a jiki, aka ce in yi masa sikanin, wato in ɗauko siffarsa da ma'auninsa da haske zuwa cikin kwamfuta, na ɗauka aikin minti goma ne. Na ɗora shi a kan faifai mai juyawa, na kashe fitilun ɗaki, na danna maɓalli. Majigi ya watsa shuɗin ratsinsa, kyamara ta ɗauka, kwamfuta ta yi ɗan nishi. Abin da ya fito a allo kamar tsumman da gara ta ci: gefe-gefe akwai, tsakiya babu, can wani lungu kuma ga ɗigogi suna shawagi a iska inda babu ƙarfe ko kaɗan. Na rage haske na sake. Ramukan ba su tafi ba, ƙaura kawai suka yi, suka bar nan suka koma can.

Kusan shekara biyu na yi ina kokawa da ramukan nan. Rabin lokacin ina koya wa kwamfuta ta cike su, sauran rabin ina hana ta cikewa.

Shi sikanin da tsararren haske ba shi da wuyar ganewa. Majigi na gefe guda, kyamara na ɗaya gefen, an san tazarar da ke tsakaninsu da kusurwar da kowanne yake kallo. Majigin ya haska ratsi a jikin abu, ba ratsin baƙi da fari mai kaifin baki ba, ratsi ne da haskensa ke hawa yana sauka a hankali kamar igiyar ruwa. In abin shimfiɗaɗɗe ne, ratsin ya kwanta sambal. In akwai tudu ko kwari sai ya lanƙwashe, daga lanƙwasar kuma a lissafa zurfi ta hanyar alwatika. Abin da kowane ɗigon hoto yake buƙatar sani shi ne gurbinsa a cikin ratsin: a ƙololuwa yake, a gangare, ko a gindi. Abu 3 ne ba a sani ba a kowane ɗigo, wato hasken da ke wurin tun asali, da ƙarfin ratsin, da gurbin, shi ya sa mafi ƙarancin hoton da ake ɗauka 3 ne, ana gusa ratsin digiri 120 kowane karo. Mu 4 muke ɗauka, da faɗin ratsi iri 3 don kada a rikita wannan ratsi da maƙwabcinsa. Hoto 12 ke nan a kowace fuska. Tun 1982 Mitsuo Takeda da abokan aikinsa a Japan suka nuna ana iya ciro gurbin daga hoto ɗaya tak da lissafin Fourier, sai dai hanyar tana tuntuɓe a bakin kaifi da duk inda zurfi ya canja farat ɗaya.

Duk lissafin nan a kan zato ɗaya yake tsaye: in haske ya sauka a jikin abu zai warwatsu ko'ina, kyamara ta samu rabonta. Takarda haka take yi, katako ma haka. Gogaggen ƙarfe kuwa bai san rabo ba. Ko dai ya tattara hasken duka ya watsa wa kyamara a ido, ko ya cilla shi wani wuri ya bar ta cikin duhu. Kyamara mai bit 8 tana ba hasken kowane ɗigo lamba daga 0 zuwa 255, ba ta san komai sama da 255 ba. Ɗigon da ya kai nan ya ƙoshi, ko an ninka masa haske sau goma, 255 ɗin dai zai ce. Sai ƙololuwar igiyar ta guntule ta zama a baje, lissafin gurbi ya karkace, ka ga wasu ƙananan kunyoyi a jikin abin da ba shi da su. Inda ya yi duhu kuma, ratsin ya yi rauni har hayaniyar kyamara ta danne shi. Abin takaicin, ƙoshi da duhun suna iya zama a hoto ɗaya, tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ba.

Akwai magunguna tun da, kowanne da ɗacinsa. Na farko feshi: a rufe ƙarfen da farar hoda, yawanci ta titaniyom, ya daina sheƙi. Yana aiki ƙwarai, amma hodar tana da kauri, kaurin kuma ya danganta da hannun mai feshin, sannan sai an wanke. Akwai feshin da ke ɓacewa da kansa bayan wasu awanni, shi ma ba kowane mai kaya ne ke yarda a fesa wa kayansa ba. Na biyu, a ɗauki hoton sau da yawa, ana canja tsawon lokacin da idon kyamara yake buɗe, kowane ɗigo a zaɓar masa hoton da bai ƙoshi ba kuma bai yi duhu ba. Song Zhang da Shing-Tung Yau sun bayyana wannan hanya a 2009. Lissafa dai: hoto 12 sau buɗi 8, hoto 96 a fuska ɗaya, abin kuma yana da fuska goma ko fiye. Na uku, rariyar haske, wato gilashin da ke tace haske, a bakin majigi da wata a bakin kyamara, an gitta su don su tare ƙyallin. Suna tarewa, amma suna cinye fiye da rabin hasken tun daga rariya ta farko, wuraren duhu su ƙara duhu. An gudu gara an faɗa gidan zago.

To a nan ne muka ce bari mu gwada koyon na'ura. Ba mu muka fara ba. A 2019 Shijie Feng da Chao Zuo da abokan aikinsu a Nanjing ta ƙasar Sin suka nuna cewa ragar jijiyoyi ta kwamfuta, wato manhajar da ke koyo daga misalan da aka nuna mata, tana iya ciro gurbi mai kyau daga hoton ratsi guda. Dabararsu da ta burge ni ita ce ba su ce ragar ta faɗi gurbin kai tsaye ba, domin gurbi yana tsalle duk lokacin da aka gama ratsi aka shiga wani, raga kuwa ba ta ƙaunar tsalle. Sai suka sa ta faɗi lambobi biyun da ake raba ɗaya da ɗaya kafin a samu gurbin, na sama da na ƙasa, waɗanda su kam a hankali suke canjawa, sauran lissafin a bar wa tsohuwar ƙa'ida. Muka ari wannan, muka ɗora a kan U-Net, ragar da aka ƙirƙira a Jami'ar Freiburg ta Jamus a 2015 don tantance ƙwayoyin halitta a hoton madubin likita. A ba ta hotunan ratsi masu ƙoshi da duhu, ta fito da abin da za a samu da a ce ƙarfen ba ya ƙyalli.

Sai maganar abin da za a koya mata da shi. Mun fara da hotunan da muka ƙera a Blender, manhajar zana siffofi a kwamfuta, inda kake da ikon kowane abu kuma ka san amsar gaskiya har gindinta. Ragar ta koya tsaf, ranar da ta ga ƙarfe na gaske kuwa ta ruɗe. Ƙarfen Blender ya cika tsafta. Na gaske yana da sawun haƙorin injin da ya sassaƙa shi, siraran layuka da ke sa ƙyalli ya miƙe ta fuska ɗaya kamar bulala, yana da sawun yatsa, yana da ɗan maiƙo, ga shi kuma ɗigon da ya ƙoshi yakan yi ambaliya zuwa na kusa da shi. Dole muka koma tara na gaske: a ɗaure guntu da kyau, a yi masa sikanin yana ƙyalli, a fesa masa hoda ba tare da an motsa shi ba, a sake sikanin. Na farko tambaya, na biyu amsa. Watanni muka yi muna wannan, ni har a hanci nake jin hodar.

Kuskurena na farko na ɗalibai ne, ba zan daɗe a kansa ba. Na zuba hotunan duka wuri ɗaya na gauraya, na ware kashi ɗaya na jarrabawa. Sakamako ya yi kyau har na fara tunanin yadda zan tsara jawabi. Ashe guntun da ke cikin jarrabawa shi ne dai ke cikin darasi, an juya shi digiri kaɗan ne kawai. Satar amsa ce ragar take yi, ni kuma na buɗe mata littafin. Da na raba bisa guntu, wanda ta gani daban wanda ba ta taɓa gani ba daban, sai murnar ta ragu zuwa daidai gwargwado.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Muka lura duk abin da ragar ta auna yana fitowa da ɗan ƙarin kauri, ramukan ƙusa kuma suna ɗan tsukewa. Ƙarin bai kai kaurin gashin kai ba, amma kullum gefe ɗaya yake, abin da ke kuskure gefe ɗaya kuwa ba hayaniya ba ne, akwai mai tura shi. Mun zargi saitin na'ura. Mun zargi zafi, kuma da dalili, domin alminiyum yana miƙewa kusan maikiron 23 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a kowace mita in zafi ya hau digiri ɗaya. Guntu mai milimita 200 da ya ɗumama da digiri 5 ya ƙaru da maikiron 23 ke nan, shi ya sa ƙa'idar ISO 1 ta ajiye digiri 20 a matsayin zafin awo. Ba zafin ba ne. Hodar ce. Mun ce wa raga amsar gaskiya ita ce ƙarfe da hoda a kansa, ita kuma ta yi biyayya, ta koyi fesa hodar da babu ita. Har kaurin hannun wanda ya fi yawan yi mana feshi ta kwaikwaya.

Waɗannan duka an gyara su. Wanda ya canja mini tunani shi ne na uku.

An kawo mana murfin wani famfo na ƙarfe marar tsatsa, mai fuskar da ake so ta zauna daram a kan roba don kada ruwa ya tsiyaya. Na yi sikanin ba feshi, na bai wa raga, cikin daƙiƙoƙi ta fito da fuska sumul, taswirar launi kore shar daga baki zuwa baki, alamar babu aibi. Na buga rahoto na kai ɗakin awo don a sa hannu. Akwai wani dattijo a ɗakin da ya fi shekara talatin yana aiki da na'urar awo mai taɓawa, wadda ke dungurar abu da ɗan ƙwallon jan yakutu, ɗigo bayan ɗigo. Ba ya gaba da kwamfuta, amma ba ya sa hannu a takarda sai ya riƙe abin da hannunsa. Ya ɗauki murfin ya karkata shi wajen fitila, ya juya, ya sake karkatawa. Sai ya ja farcen babban yatsansa a kan fuskar a hankali. Na ga farcen ya ɗan tsaya.

"Injiniya, zo ka sa farce a nan."

Na sa. Akwai lotsawa, ƙarama, irin wadda ake samu in wani abu mai baki ya faɗo a kai.

"Na'urarka ta ce lafiya lau?"

"Haka ta ce, Baba."

"To gani ta yi, ko ji ta yi an ce?"

Ban amsa ba, na koma na buɗe ɗanyen hotunan. Daidai wurin lotsawar, gefe ɗaya fari fat, 255 a duka hotuna 12, ɗaya gefen baƙi ƙirin. Kyamara ba ta ga komai a nan ba, ko ƙwayar bayani ɗaya. Tsohuwar hanyar lissafi da rami za ta bari, ramin nan mai ban haushi da na shafe shekara ina yaƙa, kuma da na ga rami da na juya murfin na sake ɗauka, da na gani. Raga kuwa ta dubi hagu ta ga shimfiɗa, ta dubi dama ta ga shimfiɗa, ta shafe tsakiya da shimfiɗa.

Na kwana biyu ina juya abin, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lotsawar ce da kanta ta haifi ramin. Gangarenta ɗaya ya juyo da haske cikin idon kyamara, ɗayan ya kore shi. Wato ramukan sikanin ba barkatai suke faɗowa ba, suna son taruwa inda fuskar ƙarfe ta saɓa wa yadda ya kamata ta kasance: lotsawa, karce, tsini, bakin da ya lanƙwashe. Wuraren da aka sayi na'urar domin su. Ni kuma na gina abin da ya ƙware wajen rufe su.

Ragar ba ta yi laifi ba, abin da na nema ta ba ni. Ma'aunin da na hore ta da shi yana tara kuskuren kowane ɗigo, ya ninka shi da kansa, ya ɗauki matsakaici. Wanda ake hukuntawa da irin wannan ma'auni, in bai sani ba, mafi aminci gare shi ya faɗi abin da aka fi samu. A cikin ɗaruruwan ramukan da ta gani lokacin koyo, kusan duka shimfiɗa ce a ƙarƙashinsu, domin lafiyayyun guntaye muka tara. Wa zai ba ka kayansa masu aibi da yawa? Don haka shimfiɗa ta zama amsarta. In hoton ado ake so, ko siffar da za a sa a wasan kwamfuta, wannan baiwa ce. A wurin awo kuwa shaidar zur ce, kuma mai kyan fuska.

Daga nan aikin ya juya. Abu na farko da na yi ko koyon na'ura babu a ciki: duk ɗigon da ya ƙoshi a yawancin hotunansa, ko ratsinsa ya yi rauni ƙasa da wani mizani, ana yi masa alama tun kafin raga ta taɓa shi, alamar kuma tana bin sa har cikin rahoto. Raga tana iya cikewa don siffar ta yi kyan gani, amma wurin yana fitowa da ruwan toka, kuma ba a lissafa shi cikin hukuncin ya ci ko ya faɗi. Na biyu, muka horar da raga 5 maimakon ɗaya, kowace da mafarinta daban, inda suka saɓa wa juna a ɗaga tuta. Wannan yana kama wurare masu ruɗani sosai, amma ban yarda a dogara da shi kaɗai ba, domin makaranta ɗaya suka yi su biyar ɗin. Na gwada su da murfin famfon. Baki ɗaya suka ce shimfiɗa ce, ba mai musu.

Abu na uku shi ne wanda nake ganin kwalliya ta biya kuɗin sabulu a kansa. Muka ɗauke ragar daga ƙarshen layi muka kai ta farko. Maimakon ta gyara hoton da ya lalace, sai ta taimaka kada ya lalace. A yi ɗauka ɗaya ta leƙe, mai sauri, ragar ta duba ta ce buɗin ido kaza da kaza sun isa, ba sai 8 ba. Sannan ta zana wa majigi taswira: nan rage haske, nan ƙara. Majigin DLP yana iya wannan, domin ƙananan madubai ne jere a cikinsa, kowane ɗigo da nasa, fasahar da Larry Hornbeck ya ƙirƙira a Texas Instruments a 1987. Daidaita hasken ratsi wuri-wuri tsohuwar dabara ce, abin da raga ta ƙara shi ne saurin hasashe, da kuma ba da shawarar kusurwar da za a juya faifai don ganin inda aka rasa. Kyan wannan tsari shi ne in ta yi kuskure, ɗigo zai ƙoshi, rami zai fito, kowa ya gani. Kuskurenta ba ya iya ɓuya a cikin lambar da za a sa wa hannu, domin lambar daga haske da alwatika ta fito.

Akwai kuma tsakiyar hanya da nake amfani da raga a cikinta ba tare da fargaba ba: ɗigon da ya ƙoshi a hoto 1 ko 2 kawai cikin jerin, ko wanda ya yi duhu amma ratsin na nan yana numfashi. A nan akwai bayani na gaske, an ɗan gurɓata shi ne, kuma raga ta fi tsofaffin matatai iya tsamo shi ba tare da ta dakusar da bakin kaifi ba. Iyakar da na ja ita ce tsakanin wanke abin da aka gani da ƙirƙiro abin da ba a gani ba. A kan takarda iyakar ta fito fili. A aikace mizanin da ke raba su lamba ce da ni na zaɓa, kuma mun yi ta jayayya da abokan aiki a kanta, masu son sauri suna ja ƙasa, ɗakin awo yana ja sama.

Muka kuma canja yadda muke jarraba kanmu. Bayan ƙwallaye da sandunan awo irin waɗanda ƙa'idar VDI/VDE 2634 ta tanada don gwada na'urorin awo na haske, muka ajiye akwati guda na guntayen da muka ɓata da gangan. Baba ne ya yi lotsawar da hannunsa, da ɗan guduma da ƙusa mai dakusasshen baki, ya auna zurfin kowace da na'urarsa ya rubuta a littafi, ya hana ni ganin littafin. Duk sabuwar raga sai ta bi ta akwatin nan. Ba ya tambayar matsakaicin kuskure, ko kallon lambar ba ya yi. Nawa ta gano, nawa ta ce ba ta gani ba, nawa ta shafe. In na ƙarshen ya wuce sifiri, a koma.

Wanda har yau yake kayar da ni shi ne lungu. In gogaggun bango biyu suka haɗu kamar bakin kwari, ratsin da ya sauka a wannan yana tsallakawa ya sauka a wancan, kyamara ta ga ratsi biyu a ɗigo ɗaya. Ɗigon bai ƙoshi ba, bai yi duhu ba, lafiyayye ne a ido, amma gurbin da yake faɗa na wani wuri ne. Ɗigogin da na gani suna shawagi a iska ranar farko daga nan suka fito. Shree Nayar da abokan aikinsa a Jami'ar Columbia ta Amurka sun nuna a 2006 cewa ratsi masu matsatsi suna iya raba hasken da ya zo kai tsaye da wanda ya yi yawo kafin ya iso, amma dabarar ta fi cin wanda ya warwatsu a hanya. Wanda ya tsallako daga bango mai kama da madubi da ratsinsa cur yake zuwa. Yanzu muna koya wa wata ƙaramar raga ta gane irin waɗannan ɗigogi ta yi musu alama, sannan majigi ya haska bango ɗaya ya bar ɗayan cikin duhu, a ɗauka bi da bi. A alminiyum abin ya fara kamawa. Makon jiya aka kawo wani guntun jan ƙarfe mai lungu uku, jan ƙarfe kuma yana shan shuɗin haske da yawa, ragar ba ta taɓa ganin irinsa ba. Rabin allon ruwan toka ya fito. Na buga rahoton a haka na kai wa Baba, ya duba, ya sa alamar biro a wurare huɗu, ya ɗauki guntun ya nufi na'urarsa.